Ramin Mesel: Yadda Aka So A Binne Taskar Tarihi Da Shara

Darasinmu na tarihi na yau zai kai mu ƙasar Jamus, can cikin Turai. Akwai baƙin sunaye a ciki, saboda haka za mu bi su sannu a hankali. Wanda ya fi iya karatu ya taimaki na kusa da shi.

A Jamus akwai jihar da ake kira Hesen. A cikinta akwai wani ƙauye mai suna Mesel, wajen kilometir 10 daga birnin Darmishtat. A gefen ƙauyen nan akwai wani ƙaton rami. Tsawonsa ya kai kilometir 1, faɗinsa wajen metir 700, zurfinsa wajen metir 60. Wato zurfin rijiya mai gaba 30 da ƴan kai. Mutane ne suka haƙa shi suna neman mai. Da suka gama, sai hukuma ta ce za ta cika shi da shara. Mutanen ƙauyen suka ce ba su yarda ba. Aka yi kusan shekara 20 ana ja-in-ja. Yau ramin nan yana cikin wuraren da ƙasashen duniya suka amince a kiyaye. To, me ke cikinsa da har ya jawo wannan doguwar rigima?

Kafin mu amsa, mu koyi kalma guda. Idan dabba ta mutu a daji, kun san abin da ke biyo baya. Ungulu ta sauko da rana, kura ta zo da dare, tururuwa su ƙarasa saura. Rana da ruwan sama su cinye ƙashin. Bayan ƴan shekaru ko alama ba ka gani. Amma jefi-jefi laka takan rufe gawar da wuri, kafin wani abu ya taɓa ta. Laka ta hau kan laka, shekaru su yi ta wucewa, har lakar ta daskare ta zama dutse. Ƙashin da ke ciki, ko ganyen, ya tsaya da siffarsa. Wannan shi ake kira burbushin halitta. Ku riƙe kalmar, za ta yi ta dawowa.

A yawancin wuraren da ake samun burbushi, abin da ake tsinta kaɗan ne: haƙori ɗaya, ko guntun muƙamuƙi, ko ƙashin ƙafa. Daga nan masana suke ƙoƙarin gane dabbar. A Mesel kuwa, dabbar ake samu sukutum, daga hanci har wutsiya. Ana ganin inuwar gashin jikinta a kan dutse. Ana ganin gashin tsuntsu. Sau da yawa har abincin da ta ci na ƙarshe yana nan cikin cikinta.

Tabkin da ya zama rami

Masana ilimin ƙasa sun auna, sun ce labarin ya fara wajen shekara miliyan 48 da suka wuce. Miliyan ɗaya ita ce dubu sau dubu. A lokacin, narkakken dutse mai zafi ya taso daga cikin ƙasa, ya gamu da ruwan da ke kwance a ƙarƙashi. Kun ga abin da ke faruwa idan ruwa ya faɗa cikin tafasasshen man suya. Haka aka yi, amma da ƙarfin da ya tsaga ƙasa. Wurin ya fashe, ya bar wawakeken rami. Ruwa ya taru a ciki, ya zama tabki.

Wani zai ce, wa ya gani? Tambaya ce mai kyau. A shekarar 2001 masana suka kawo injin haƙa rijiya mai zurfi, suka huda tsakiyar ramin har metir 433. Suka zaro dutsen kashi-kashi, suka jera shi yadda ya fito. Can ƙasa suka tarar da duwatsun aman wuta, irin waɗanda fashewar ta bari. A cikin irin wannan dutse akwai wani sinadari da ke rikiɗa ya zama iska sannu a hankali, ba ya sauri, ba ya jinkiri. Ku ɗauki misalin randa mai yoyo. Idan ka san yawan ɗigon da take yi a yini, ka kuma auna ruwan da ya taru a ƙarƙashinta, za ka san kwana nawa ta yi tana yoyo. Da irin wannan lissafi aka gane shekarun dutsen.

Jamus ta yau ƙasar sanyi ce, ƙanƙara na sauka a cikinta. A wancan zamani duniya ta fi yanzu ɗumi nesa ba kusa ba. Kurmi ne mai duhu ya kewaye tabkin. An san haka domin ganyayen kurmin suna nan cikin dutsen, da furanni, da ƴaƴan itace. Akwai dangin giginya da dabino. Akwai kurangar inabi, da dangin wake, da bado irin wanda kuke gani a tabkunanmu. A cikin ruwa akwai kifi da kififiya da kada. Kada ba ya zama inda ruwa ke daskarewa, saboda haka shi kaɗai ma ya isa shaida.

Yanzu ga asirin wurin. Tabkin ba shi da faɗi sosai, amma yana da zurfi ƙwarai, kuma kurmi ya tare masa iska. Saboda haka ruwan sama-sama da ruwan can ƙasa ba sa gauraya. A sama akwai rai. A ƙasa babu iskar numfashi ko kaɗan. Masu haƙar rijiya sun san wannan: akwai zurfin da in ka kai, fitila takan mutu, mutum ma ba ya iya daɗewa. To, a gindin tabkin nan babu kifin da zai yagi gawa, babu tsutsar da za ta tona laka, babu igiyar ruwan da za ta watsa ƙashi. Abin da ya nutse, ya kwanta ke nan inda ya faɗi.

Kowace shekara gansakuka takan yi yawa a saman ruwa, ta mutu, ta nutse. Ƴar laka ta bi ta. Abin da ke taruwa a shekara guda, kaurinsa bai fi na takardar da kuke riƙe da ita ba. Haka aka yi ta yi shekara dubu ɗari bayan dubu ɗari, har tabkin ya cike. Wannan laka mai gansakuka ita ta zama baƙin dutse mai taushi, mai ɗauke da mai a cikinsa. Yana ɓarewa falle-falle. Na ƙasa shi ne tsoho, na sama shi ne sabo. Wannan jeri yana da muhimmanci, za mu koma kansa.

Abin da ke cikin dutsen

Mu fara da doki, tunda kowa ya san shi. A Mesel an sami dangin doki na farko-farko. Idan kun gan su ba za ku ce doki ba ne. Ƙaramin cikinsu tsayinsa a kafaɗa wajen santimetir 30 zuwa 35 ne, bai kai ɗan akuya mai tasowa ba. Babban ya kai wajen santimetir 60. Ba su da kofato ɗaya irin na dokinmu. Yatsu 4 ne a ƙafar gaba, 3 a ƙafar baya, kowane da ɗan kofatonsa. Irin wannan ƙafa ta dace da taka ƙasa mai laushi ta cikin kurmi. Da aka duba cikinsu, ganye aka samu, ba ciyawa ba. A cikin ɗaya daga cikinsu an sami ƙwayoyin inabi. An kuma sami goɗiyoyi masu ciki. Akwai wadda aka tono a shekarar 2000, aka yi bayaninta filla-filla a 2015: ɗan yana nan kwance cikin uwar, ƙasusuwansa a haɗe, har da alamar mahaifa. Ɗa guda ne, kamar yadda goɗiya ke haihuwa yau.

A cikin dabbobi masu shayarwa, wanda aka fi samu a ramin shi ne jemage. An tono ɗaruruwa. Wannan abin mamaki ne, domin ƙashin jemage siriri ne kamar tsinke, da wuya ya tsira a wani wuri. A nan har fatar fukafukin ana gani. A cikinsu an sami ragowar ƙwarin dare da suka ci. Siffar fukafuki ta nuna wasu suna shawagi ƙasa-ƙasa tsakanin ganyaye, wasu can sama da itatuwa. Ƙashin kunnensu ya nuna suna farauta cikin duhu ta sauraron amsa-kuwwar kukansu, kamar ƙananan jemagu na yau.

Akwai dangin bushiya, da dangin biri, da ƙananan dabbobi masu cin nama. Duka-duka an gane fiye da iri 40 na dabbobi masu shayarwa. Tsuntsaye ma suna da yawa. Akwai ƙwari waɗanda har yau bayansu na walƙiya, shuɗi da kore, idan aka ɓare dutsen. Akwai sarauniyar wata tururuwa, faɗin fukafukanta wajen santimetir 15, kusan taƙi guda. An sami kififiya biyu-biyu, mace da namiji, sun nutse suna cikin barbara; a 2012 aka yi bayanin irin waɗannan har guda 9. Amma wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne wani ɗan maciji da aka yi bayaninsa a 2016. A cikinsa akwai ƙadangare da ya haɗiye. A cikin ƙadangaren kuma akwai ƙwaro. Ƙwaro ya shiga cikin ƙadangare, ƙadangare ya shiga cikin maciji, maciji ya shiga cikin laka, duk cikin kwana ɗaya ko biyu.

Me ya sa masana suka damu da wannan zamani musamman? Wajen shekara miliyan 66 da suka wuce, manyan dabbobin nan da ake kira dinozor suka ƙare a duniya. Kafin nan dabbobi masu shayarwa ƙanana ne, suna raɓe-raɓe. Da fili ya buɗe, sai suka yaɗu, suka rarrabu iri-iri. Mesel ta kama su a tsakiyar wannan yaɗuwa. Wurare kaɗan ne a duniya suke nuna wannan lokaci a sarari haka.

Sai dai akwai tambayar da har yanzu masana ke gardama a kanta. Jemage mai tashi sama, cikinsa cike da abinci, ba ciwo a jikinsa, me ya jefa shi cikin ruwa? Wasu sun ce muguwar iska ce take tasowa daga gindin tabkin lokaci-lokaci, ta kwanta a saman ruwa, duk abin da ya shaƙe ta ya suma. Suna kawo misalin tabkin Niyos na ƙasar Kamaru, wanda shi ma bakin dutsen aman wuta ne. Ranar 21 ga watan Agusta 1986, da dare, irin wannan iska ta taso daga cikinsa, ta gangara ƙauyuka, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobi dubbai. Wasu masana kuma sun ce gansakuka ce mai guba take ɓata ruwan a wasu lokutan shekara, wanda ya sha ya mutu. Makiyayanmu sun san tabkin da ya yi kore yakan kashe garke. Kowane ɓangare yana da hujjarsa.

Masu haƙar mai

Mu dawo zamanin mutane. A shekarar 1859 aka fara haƙa a wurin, ana neman tama. Daga baya aka gane baƙin dutsen da ke ƙasa yana da mai. A 1875 aka tsinci ƙasusuwan kada a ciki, shi ne burbushi na farko da aka sani daga Mesel. Daga shekarun 1880 aka kafa babbar masana'anta a bakin ramin. Ana fasa dutsen, a zuba shi cikin manyan murahu, a gasa shi har man ya fito.

Ku tsaya ku yi tunani a nan. An kwashe dutse fiye da tan miliyan 20 daga ramin. Mafi yawansa wuta ya shiga, da duk abin da ke cikinsa. Doki nawa aka ƙona, jemage nawa? Ba mai ƙirgawa. Amma kada mu ga laifin leburorin. Aikin da aka ɗauke su shi suka yi, da shi suke ciyar da iyali. Kuma in ba don haƙarsu ba, da dutsen yana nan binne, ba wanda ya san da shi. Hannun da ya buɗe taskar shi ne ya yi ta cinye ta.

Ko abin da aka tsame ma, riƙe shi wuya ne. Dutsen Mesel jiƙaƙƙe ne, wajen kashi 40 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Idan ya sha iska ya bushe, sai ya tsattsage ya marmashe, kamar lakar fadama da rani. Burbushin da ya yi shekara miliyan 48 lafiya lau yana iya lalacewa cikin ƴan awoyi a rana. Shi ya sa mai tono yake aiki da ruwa a kusa. Da ya ɓare dutse ya ga wani abu, sai ya yayyafa ruwa, ya nannaɗe shi da jiƙaƙƙiyar takarda da leda.

A 1962 aka daina tatsar mai, domin man da ake sayowa daga waje ya fi araha. A 1971 aka daina haƙa gaba ɗaya. Ramin ya zama kufai. Sai masu sha'awar burbushi, waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba, suka riƙa shiga suna tono don kansu. Su ne suka kyautata wata dabara da ake amfani da ita har yau. Ana share fuska ɗaya ta ƙashin da allura, a zuba mata wani irin ƙaro na masana'anta. Idan ƙaron ya daskare, sai a juya, a kankare dutsen daga baya a hankali, har ya ƙare. Ƙashin ya bar dutse ya koma kan ƙaro, kowane guntu a mazauninsa. Aiki ne na makonni, wani lokaci watanni.

Rigimar juji

A daidai lokacin da aka fara ganin darajar ramin, a lokacin ne hukuma ta sa masa ido don wani abu dabam. Biranen kudancin Hesen suna da jama'a da yawa da masana'antu, shararsu ta yi yawa, ana neman inda za a zuba. Ga ƙaton rami an riga an haƙa, ba mai amfani da shi. Idan kai ne ke da alhakin sharar birni, kai ma za ka yi wannan tunani. Hukumar ba mugunta ta nufa ba. Rami ta gani, ba ta ga abin da ke cikin bangonsa ba.

A 1973 mutanen Mesel suka kafa ƙungiya don hana wannan aiki. Suna da nasu dalilai na kusa: wari, da manyan motoci da za su riƙa ratsa musu gari dare da rana, da tsoron ƙazantar da za ta tsiyaya cikin ruwan ƙasa. Masana kuma suna da nasu dalili. Daga 1975 masanan gidan bincike na Senkenbag da ke birnin Farankfot suka shiga tono gadan-gadan, suna tseren ceton abin da za su iya kafin shara ta iso. Duk abin da suka fito da shi, jaridu su buga hotonsa. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Mesel ba suka san ɗan dokin nan mai yatsu. Masana daga ƙasashe da yawa suka rubuto suna roƙo a bar wurin. Damuwar ƙauye da damuwar masana suka haɗu suka zama murya ɗaya.

Duk da haka, a 1981 aka ba da izinin yin jujin. Aka ce za a bar wa masana wani gefe su ci gaba da tono na ɗan lokaci. A ganina wannan ba sulhu ba ne. Abin da ya ɗauki shekara dubu ɗari-ɗari yana taruwa, kuma sai da allura ake fito da shi, ba a ce wa mutum ya gama da shi cikin ƴan shekaru. Aka fara gine-gine a ramin, aka shimfiɗa hanyar motocin shara, aka kashe kuɗi masu yawa. Duk wanda ya kalli wurin a lokacin zai ce magana ta ƙare.

Amma hukumar ƙauyen Mesel ta riga ta kai ƙara kotu, kuma ba ta janye ba. Aka yi shekaru ana shari'a. A 1988 babbar kotun jihar, da ke birnin Kasel, ta yanke hukunci cewa izinin da aka bayar bai bi ƙa'ida ba. Ku lura da wannan. Alƙalai ba su ce doki ya fi shara daraja ba. Takardun izinin suka duba, suka ga an tsallake matakan da doka ta ce a bi. Ƙauyen ya ci nasara ne domin ya bi takardun nan layi-layi har ya gano inda suka karkace. A 1990 aka yi watsi da maganar jujin. A 1991 jihar Hesen ta sayi ramin a kan kuɗin Jamus na lokacin, mark fiye da miliyan 30, ta sa shi ƙarƙashin doka. A watan Disamba 1995 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin wuraren gado na duniya. Shi ne wuri na farko a Jamus da ya shiga jerin saboda halittar da ke cikinsa, ba saboda ginin mutane ba.

Cikin ƴan siyasar da suka ƙi jujin akwai Joschka Fischer, wanda ya riƙe ma'aikatar muhalli ta jihar, daga baya ya zama ministan harkokin waje na Jamus. Masana suka saka masa ta hanyarsu: suka raɗa wa wani macijin Mesel sunansa. Ɗan macijin nan da ya haɗiye ƙadangare irinsa ne.

Shekarun da ramin ya yi ba mai tsaro sun bar tabo. Ga misali. A 1983 wani mai tono don kansa ya sami burbushin wata ƴar dabba, dangin biri, mace, ba ta gama girma ba. Tsawonta da wutsiya wajen santimetir 58. Kusan duk ƙasusuwanta suna nan, har ana ganin inda wuyan hannunta ya taɓa karyewa, da ganye da ƴaƴan itace a cikinta. Da aka ɓare dutsen ya rabu biyu. Aka sayar da rabi ɗaya zuwa Amurka, bayan an yi masa ciko na ƙarya don ya yi kyan gani. Rabi mai kyau kuwa aka ɓoye shi a gida fiye da shekara 20, ba masanin da ya gan shi. Sai a 2007 gidan ajiyar kayan tarihi na birnin Oslo, a ƙasar Norwe, ya saye shi da kuɗi mai tsoka. A 2009 aka nuna ta ga duniya da suna Ida. An yi ta kururuwa a lokacin cewa ita ce ta haɗa dangin biri da na mutum, amma yawancin masana da suka duba daga baya ba su yarda da haka ba. Abin da ba gardama a kansa shi ne, ɗaya daga cikin mafi kyan abin da ramin ya taɓa bayarwa ya bar ƙasar ta hanyar ciniki, a rabe biyu.

Yau ba mai shiga ramin sai da ja-gora, ba mai tono sai da izini. Masanan Senkenbag da na gidan tarihi na Darmishtat su ke tono, a lokacin zafi na kowace shekara. Ba sa gaggawa. Kafin su ɗaga abu, sai sun rubuta inda yake da fallen dutsen da ya fito. Kun tuna mun ce na ƙasa shi ne tsoho, na sama sabo? Ƙashin da aka san fallensa yana faɗin lokacinsa, da itatuwan da ya rayu cikinsu, da dabbobin da ya zauna tare da su. Wanda aka tsinta aka sa aljihu ba ya faɗin ko ɗaya. A 2010 aka buɗe gidan baƙi a bakin ramin, ƴan makaranta na zuwa kallo. A ƙarƙashin gindin ramin kuma akwai sauran dutsen fiye da metir 100 da ba a taɓa ba.

Namu na gida

Ba don nisa kawai na kawo muku labarin nan ba. Mu ma a Nijar muna da irin wannan taska, har ta girmi ta Jamus. A kudu maso gabas da Agadas, a bakin Tenere, akwai wurin da ake kira Gadufawa. Duwatsunsa sun kai wajen shekara miliyan 110, fiye da ninki biyu na Mesel. Zamanin dinozor ne, lokacin da inda yashi yake yau koguna ne da itatuwa. Kamar a Mesel, masu neman ma'adini suna cikin waɗanda suka fara kai labarin ƙasusuwan ga masana. Su uraniyom suke nema. A shekarun 1960 wani masani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya zo ya yi tono. A 1966 aka raɗa wa wani ƙaton kada na wurin suna, tsawonsa ya fi metir 9. A 1976 Taquet ya yi bayanin wani dinozor mai cin ganye, mai dogayen ƙasusuwa a gadon baya, ya sa sunan Nijar cikin sunansa. An kai ƙasusuwansa gidan ajiyar kayan tarihi na ƙasa a Yamai. A 1999 wani masani Ba'amurke, Paul Sereno, da abokan aikinsa suka yi bayanin wasu biyu: Nijersorus, mai faffaɗan baki da haƙora wajen 500, da Jobariya, wanda aka tono a yankin Ingal. A wajajen Marandet da dutsen Tigidit kuma akwai kututturan itatuwa kwance, sun zama dutse.

Sai dai tsaron namu ya fi wuya. Mesel rami ɗaya ne, ana iya kewaye shi da waya a sa ƙofa. Namu shimfiɗe yake cikin sahara, tafiyar kwanaki a kan raƙumi. Iska ce ke tone ƙashin, ita ce kuma ke goge shi idan ya daɗe a fili. Sannan ga masu tsinta su sayar wa baƙi, haƙori nan, ƙashin baya can. A 1997 Nijar ta kafa dokar kiyaye kayan gado na ƙasa. A 2006 ta sa wuraren dinozor cikin jerin da ta miƙa wa UNESCO na wuraren da take so a duba. Amma soja ko ma'aikaci ba ya iya tsayawa kan kowane tudu. Wanda ke ratsa wuraren nan kullum makiyayi ne da ɗan azalai da mai haƙar rijiya.

Saboda haka, wanda ya ci karo da ƙashin da ya yi nauyi kamar dutse, ko kututturen da gatari ba ya kama shi, kada ya fasa, kada ya ɗauke. Ya lura da wurin sosai, ya sa alama da duwatsu a gefe, ya gaya wa maigari, maigari ya kai wa hukuma. A zamanku na wannan mako ku tambayi dattawa da masu zuwa arewa da dabbobi ko sun taɓa ganin irin wannan, da sunan da suke kiransa. Wanda ke riƙe da alƙalami ya rubuta sunan wurin da garin da ya fi kusa da shi, ku aiko mana.